Kati, kwalba ko leda: wane mazubi ya fi kare ƙwayar magani?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya kan mahaifinta, wanda ke shan ƙwayoyi kala shida a kullum, na hawan jini da na suga da na zuciya. Ta ce wasu a kati suke zuwa, wasu a roba mai murfi, wasu kuwa ƙirga su aka yi aka zuba a 'yar leda. Ɓallo ƙwaya daga kati yana ba tsohon wahala saboda yatsunsa sun yi rauni, shi ya sa take tunanin ta ɓalle su gaba ɗaya ta juye a kwalba guda mai tsabta, ko a akwatin nan mai gida bakwai na kwanakin mako. Ga kuma jikoki suna kai da kawo a ɗakin. Tana son sanin wane mazubi ya fi tsabta, wanne kuma ya fi aminci.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar kwalba guda ki ajiye ta gefe tun yanzu, ba ta ma taso ba. Akwatin mako yana da ranarsa, amma ba kowace ƙwaya ce ke jure zama a cikinsa ba, zan zo kan wannan. Kafin nan bari in fara da kwanan watan da ke jikin magani, don daga nan komai ya samo asali.

Idan kamfani ya rubuta cewa maganinsa zai kai wata kaza na shekara kaza, ba wa ƙwayar tsirara ya yi wannan alkawari ba. Ya yi wa ƙwayar ne tana cikin katin ko kwalbar da ya rufe ta a ciki. Kafin a ba shi izinin sayarwa, sai ya ajiye maganin cikin mazubinsa a ɗakunan gwaji da aka daidaita zafinsu da laimarsu, ana ciro samfuri lokaci zuwa lokaci ana aunawa. Wanda za a kai ƙasashe masu matsakaicin yanayi ana gwada shi a zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas da laima kashi 60 cikin 100. Na ƙasashe masu zafi da laima sosai kuwa, digiri 30 da laima kashi 75. Akwai kuma gwajin matsi, inda ake barinsa wata 6 a digiri 40 da laima kashi 75 don a ga ta inda zai fara gazawa. Duk wannan da rigarsa a jikinsa. Ranar da kika tuɓe masa rigar, kin fitar da shi daga yanayin da aka gwada shi, kwanan watan nan kuma ya daina aiki a kansa. Wata ƙwayar za ta yi watanni lafiya lau a waje, wata ko mako ba za ta kai ba, kuma da ido ba kullum ake bambance su ba. Mu masu harhaɗa magani shi ya sa muke lissafa mazubi cikin maganin kansa.

Da mutum ya ce tsabta, ƙwayoyin cuta yake tunani. To ƙwayar haɗiya ba kamar ruwan allura ba ce, wanda dole ya kasance babu wani abu mai rai a cikinsa. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai da na Amurka sun yarda a samu bakteriya har 1,000 a giram ɗaya na busasshen maganin sha, muddin babu irin su E. coli a ciki. Bushewa ce ke kare ƙwaya, don inda babu ruwa ƙwayar cuta ba ta hayayyafa. Saboda haka babban abokin gabar ƙwayar magani danshi ne: gumin tafin hannu, yatsan da aka wanke ba a goge ba, tururin banɗaki, iskar da ke shiga duk lokacin da aka buɗe murfi. Danshi ke ba fumfuna wurin zama, shi ne kuma ke warware sinadarin maganin. Misali mafi sauƙi asfirin ne. In ya sha danshi sai ya rabu gida biyu, ɗaya daga ciki shi ne sinadarin da ke ba ruwan khal tsaminsa. Buɗe tsohuwar kwalbar asfirin ki shinshina, in kin ji warin tsami ya bugi hancinki, maganin ya fara tafiya. Mafi yawan magunguna ba su da wannan kirkin na sanar da mutum, shiru suke lalacewa.

A nan kati ya sha gaban kwalba. Ɗauki ɗaya cikin na Baba ki duba shi da kyau. Gefe guda roba ce mai haske da aka ɗumama aka lotsa ta gida-gida, ɗaya gefen siririn alminiyum ne da aka manne da zafi. Kowace ƙwaya da ɗakinta. Kin ɓallo ta safiyar yau, ta gobe ba ta san an yi ba: iska ba ta shige ta ba, hannu bai taɓa ta ba. Daga injin masana'anta har zuwa tafin Baba babu wanda ya sa mata yatsa. Kwalba mai ƙwaya 60 kuwa, in ana shan ɗaya a rana, kafin a kai ga ta ƙarshe an buɗe mata murfi sau 60, kuma sau da yawa mutum zazzago huɗu ko biyar yake yi a hannu, ya ɗauki ɗaya ya mayar da sauran da gumin tafinsa.

Amma kati ma suna suka tara. Robar da aka fi amfani da ita PVC ce, kaurinta kamar rubu'in milimita, kuma tururin ruwa yana ratsa ta a hankali. Ga maganin da bai damu da laima ba, ta wadatar. Ga wanda ya damu, sai a shafa mata wani sinadari da ake kira PVDC, ko a haɗa ta da wata roba mai tsada da ta fi toshe danshi. Can saman su duka akwai katin da gaba da bayansa duk azurfa-azurfa ne, ba a ganin ƙwayar ko kaɗan. Wannan hawa uku ne, nailan da alminiyum da PVC, kuma ba ya barin danshi ko iska ko haske su wuce. Za ki ga gidajensa manya-manya sun fi ƙwayar girma nesa ba kusa ba, har mutane kan ce kamfani na cika ido ne kawai. Ba haka ba ne, alminiyum in aka lotsa shi da zurfi a ƙaramin wuri tsagewa yake yi, dole a ba shi fili. Duk maganin da kika gani a irin wannan kati, kamfanin bai kashe kuɗin a banza ba, yana gaya miki ne cewa abin da ke ciki ba ya son iska. Amoksisilin da aka haɗa da kilabulanet yana cikin irin waɗannan. In ya kwana biyu a waje a wuri mai laima, launinsa kan juya, sashen kilabulanet ɗin kuma ya raunana.

A masana'anta akwai wani gwaji da nake sha'awa saboda sauƙinsa. Ana tsoma katuna cikin ruwan shuɗi a wani mazubi, a zuƙe iskar ciki, sannan a sake ta. Duk gidan da mannensa ke da ɗan rami ko da ido ba ya gani, shuɗin zai shige, a buɗe a tarar da ƙwaya ta rine. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ke ba ki da injin zuƙe iska, amma kina da ido: katin da ya kwana a jaka da makullai har alminiyum ɗin ya huje, ko wanda gidansa ya lotse, ko ƙwayar ciki ta kumbura ko ta yi ɗige-ɗige, wannan gidan an gama da shi.

Kar ki ɗauka na yi wa kwalba kuɗin goro. Akwai magungunan da kwalba ce gidansu, kuma in Baba na da ciwon zuciya wataƙila ɗaya cikinsu na hannunki. Naitrogilisarin, ƙaramar ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, sinadarinta tashi yake yi kamar turare, roba da auduga kuma suna tsotse shi. Shi ya sa take zuwa a 'yar mitsitsiyar kwalbar gilashi mai duhu da murfi mai ɗaurewa. Wanda ya juye ta a leda ko akwatin roba, ranar da ciwo ya taso zai iya sa ƙwayar da ƙarfinta ya ragu, kuma ba ranar gwaji ba ce. Haka dabigatran, maganin hana daskarewar jini da ake sayarwa da sunan Pradaxa. In a kwalba ya zo, a cikin murfin aka dasa abin tsotse danshi, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a bar shi a kwalbarsa ta asali, a shanye cikin wata 4 da buɗewa, kada a zuba shi a akwatin mako. Launin ruwan zuma da ake yi wa kwalaben magani kuwa saboda haske ne. Nifedifin na hawan jini, alal misali, haske yana lalata shi.

Abubuwa biyu ake tararwa cikin kwalba waɗanda mutane ke juya hukuncinsu. Akwai 'yar jaka ko ɗan gwangwanin silika mai rubutun kada a ci. Wannan a bar shi a ciki har ƙwayar ƙarshe, shi ke shanye danshin da ke shiga. Sai auduga, wadda aka sa don kada ƙwayoyi su farfashe a hanya. Ita da an buɗe kwalba a jefar da ita, don danshi take jawowa, ga yatsu na cusa ta suna ciro ta kullum. Yawancin mutane silikar suke jefarwa su adana audugar. Kamfanin Bayer ma ya daina sa auduga a kwalbar asfirin ɗinsa tun 1999, tunda ƙwayoyin yanzu suna da rufi, ba sa saurin farfashewa.

Leda ce ta fi damuna. Ba wai ledar kanta ce ke da laifi kaɗai ba, ko da yake haske na ratsa ta, danshi ma haka, bakinta kuma ba ya daɗewa yana kamawa. Matsalar tana hanyar da ƙwayar ta bi kafin ta shiga. An buɗe babban gwangwani mai ƙwaya dubu, an zazzago a tiren ƙirga, an tura da ɗan cokali. In kin taɓa leƙa tiren nan bayan an ƙirga ƙwaya marar rufi, za ki ga farin gari ya kwanta a kwanarsa. In ba a goge ba, garin zai bi maganin mutum na gaba. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne. Ga wanda jikinsa ba ya shiri da fenisilin, ɗan garin nan na iya tayar masa da borin jini. Shi ya sa a wurin da ake aiki bisa ƙa'ida ake goge tire bayan kowane irin wannan magani, a kuma ware wa magungunan ciwon daji irin su metotireksat nasu tiren daban. Sannan leda takan zo ba lambar rukuni, ba ranar lalacewa, wani lokaci sunan ma alama ce kawai aka yi da biro. In aka yi shelar janye wani rukuni na magani daga kasuwa, mai leda ba shi da yadda zai san ko nasa na ciki. In dole sai an ƙirga miki, ki tsaya a rubuta cikakken sunan maganin da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa, ki karɓi na ɗan lokaci kaɗan, ki sa ledar a wuri mai duhu da bushewa.

Na taɓa karɓar wata kwalba daga hannun ɗan wani dattijo, an juye masa duk magungunansa a ciki don sauƙi, irin abin da kike shirin yi. Na zazzage ta a tire, farare ƙanana kusan duk kama ɗaya, wasu sun manne da juna, wasu an raba su biyu sun zama gari a ƙasan kwalbar. Da tambarin jikinsu na gane kala huɗu. Sauran ko ni da aikina ke nan ban iya rantsuwa a kansu ba, balle tsohon da ke laluben su da asuba ba tabarau. A cikinsu har da wanda likita ya dakatar tun watanni baya. Duka muka zubar aka sake sabo.

Sai jikoki. Wannan ya fi maganar danshi nauyi, domin wasu magungunan suga irin su gilibenkilamaid, da wasu na hawan jini da zuciya, ƙwaya ɗaya ko biyu na iya jefa ƙaramin yaro cikin hali mai tsanani. Murfin nan da sai an danna sannan a murɗa ya samo asali ne daga wani likitan yara a garin Windsor na ƙasar Kanada, Dakta Henri Breault, wanda ya gaji da wankin cikin yaran da suka sha maganin manya, ya matsa har aka samar da shi a 1967. Amurka ta mai da irin wannan murfi doka a 1970. Yadda ake gwada shi ya kamata kowace uwa ta sani. Ana tara yara 'yan wata 42 zuwa 51, a ba su minti 5 su buɗe. Sai a nuna musu yadda ake yi, a gaya musu za su iya sa haƙori, a ƙara musu minti 5. Murfi ya ci jarrabawa idan kashi 85 cikin 100 sun kasa a zagayen farko, kashi 80 kuma sun kasa har bayan an nuna musu. Ki lura da lissafin: murfin da ya ci jarrabawa ma, yaro ɗaya cikin biyar na iya buɗe shi cikin minti 10. Jinkirta yaro yake yi har babba ya waiwayo, ba kulle ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma ana gwada shi da manya 'yan shekara 50 zuwa 70, dole kashi 90 su iya buɗewa. Sauran da ba su iya ba su ne irin Baba, kuma abin da suke yi sananne ne: da an buɗe musu sau ɗaya sai su ɗora murfin a kai ba su murɗa ba. Garin neman gira an rasa ido, kwalbar ta koma ba ta da kariyar komai.

Kati na yau da kullum shi ma ba a yi shi don ya gagari yaro ba, amma yana rage yawan abin da zai kai baki, tunda ɗaya-ɗaya zai ɓallo, ba zazzagowa zai yi ba. An ga tasirin wannan a zahiri. A 1997 Amurka ta wajabta sa ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe da yawa a mazubin ɗaya-ɗaya, saboda yara na ɗaukar su alewa ce. Wani bincike da aka buga a 2005 ya nuna yara 29 suka mutu ta wannan hanya a shekara 10 kafin dokar, yaro 1 kacal a shekara 5 bayanta. Duk da haka aka janye dokar a 2003 bayan wani hukuncin kotu da ya ce hukumar FDA ba ta da hurumin kafa ta. A Birtaniya kuma, a watan Satumban 1998 aka taƙaita kwalin parasitamol zuwa ƙwaya 16 a shagunan gama-gari, 32 a kantin magani. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun gano mace-macen da ke da alaƙa da shan parasitamol fiye da kima a Ingila da Wales sun ragu da kashi 43 cikin 100 a shekara 11 da suka biyo baya. Maganin bai canza ba, yawan abin da hannu ke iya kaiwa gare shi a lokaci guda ne ya canza.

Hatimin da kike yagewa a bakin sabuwar kwalba shi ma da jini aka saye shi. A ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban 1982, mutum 7 suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha kafson Tylenol, wani maganin rage ciwo, da wani ya buɗe ya zuba wa gubar sayanayid ya mayar kan kanta. Kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31, ya dawo da maganin da hatimi uku: kwali a manne, zoben roba a wuyan kwalba, da takardar alminiyum a bakinta. Har yau ba a hukunta kowa da laifin kisan ba. Daga nan ne hatimi ya zama doka a can, ya kuma bazu duniya. Aikinsa shi ne ya tona asiri in an taɓa, don haka amfaninsa na ga wanda ya duba kafin ya sha. Kati a nan ma yana da fifiko, gidan da aka fasa ba ya komawa yadda yake.

Game da jabu ba zan ja magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. Kyan kwali ba shaida ba ne, masu jabu ma suna da injin buga kati. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne lambar da babu kwali biyu masu irinta. Tarayyar Turai ta wajabta wannan tun 9 ga Fabrairun 2019, wasu ƙasashen kuma suna amfani da lambar da ake kankarewa a tura ta waya. Wanda ya jefar da kwali ya jefar da wannan duka.

Kati ma fa yana da nasa hatsarin, kuma kusan duk daga almakashi yake fitowa. Masu jinya sukan yanka shi ƙwaya ɗaya-ɗaya don su jera wa marar lafiya. Da haka sunan magani da ranar lalacewa sun tafi, tunda galibi a gefe guda ake buga su. In yankan ya matso kusa da gidan ƙwaya, mannen ya buɗe ba a sani ba. Mafi muni, tsoho mai raunin gani ko mantuwa kan haɗiye ɗan yankin gaba ɗaya, ƙwaya da alminiyum, kusurwarsa mai kaifi ta yanki maƙogwaro ko ta huda hanji. Abin ya yi yawa a Japan har masana'antun can suka sauya tsari a 1996, suka mai da layin yagewa ta fuska ɗaya kawai don kada katin ya rabu zuwa ƙwaya guda da hannu. In kin ga dole sai kin yanka, ki bar aƙalla gida biyu a haɗe da sunan a jiki. Akwai kuma katin da ba a dannawa, ɓare bayansa ake yi kamar sitika, galibi na ƙwayoyin da ke narkewa a kan harshe. In aka danna su, gari suke zama. Maganar shara kuwa gaskiya ce, roba da alminiyum da suka manne suna da wuyar sake sarrafawa, kuma kamfanoni na gwada katin roba iri ɗaya zalla, amma wannan ba zaɓin mai jinya ba ne.

To me za ki yi da Baba? Ki kwashi magungunan shida da kwalayensu ki kai wa masanin magunguna, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya wanne zai iya zama a akwatin mako. Da yawa daga na hawan jini da na suga masu rufi za su jure kwana 7 ba matsala. Waɗanda ba za su shiga ba su ne naitrogilisarin, da dabigatran, da masu tafasa a ruwa, da masu narkewa a harshe, da sodiyum balfurowet na farfaɗiya mai tsotsar danshi, da duk wanda ya zo a katin azurfa gaba da baya sai in an tabbatar miki, da kuma wanda ake sha sai buƙata ta taso. Ki cika na mako ɗaya kawai, ba na wata ba. Ranar cikawa ki wanke akwatin, ki bari ya bushe ƙarau har cikin kwanoninsa, ki wanke hannu ki goge, ki ɓallo ƙwayar kai tsaye ta faɗa gidanta ba tare da ta bi ta tafinki ba. Wadda ake rabawa biyu, a raba ɗaya a lokaci guda, kar a zauna a farfasa na wata. In kina da juna biyu, kada ki taɓa fasasshiyar ƙwayar finasterayid da ake ba maza don ciwon mafitsara, ko metotireksat. Kwalaye da ragowar katuna su zauna a ajiye, da takardar da kika rubuta sunan kowane magani da kamanninsa. A wasu wuraren kantin magani kan shirya wa mutum magungunansa a rufaffen kati ko jerin 'yan jakunkuna, kowace da rana da lokaci a jiki. In akwai irin wannan inda kuke, ya fi akwatin gida, ki tambaya.

Waɗanda za su zauna a katinsu, ke ko wani babba ya ɓallo masa a ɗan busasshen kofi lokacin sha. Ana kuma sayar da 'yar na'urar roba mai danna kati ta fito da ƙwaya, tana taimaka wa masu ciwon gaɓɓai. In murfin dannawa ya gagare shi, gara ki nemi a sauya masa mai sauƙi da ya riƙa barin wancan a buɗe, amma fa daga ranar komai ya koma cikin akwati mai makulli. Akwatin mako ma can zai zauna, don murfinsa ɗan shekara biyu na buɗe shi da farce, ga launuka masu jan ido. Akwatin mai makullin ya kasance a wuri mai tsawo, nesa da banɗaki da murhu da taga, ba a mota ba, ba kuma a firji ba sai in takardar maganin ta ce haka, don ƙwayar da ake fitarwa daga sanyi raɓa take yi.

Naitrogilisarin kaɗai ba ya shiga makulli. Ko dokar Amurka ta cire shi daga cikin masu murfin gagara-yaro, saboda mai ciwon ƙirji ba shi da lokacin kokawa da murfi. In Baba na da shi, ya zauna a kwalbarsa ta gilashi inda hannunsa zai kai nan take amma na jikoki ba zai kai ba, a rubuta ranar da aka fara buɗe ta a jiki, kuma duk sanda ya ɗauki ɗaya ki bi bayansa ki tabbatar murfin ya ɗauru.